Halittar da ba ta da huhu da kurmin kakanmu

Wa ya gaya muku duk abin da ya yi kama da tsaka sai an kashe shi?

Jiya bayan la'asar, a ɗakinmu na unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki, ina karanta labarin wata 'yar halitta, salamanda. Ba ta da huhu, ta fatarta take numfashi. A ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganye take rayuwa, cikin dazukan duwatsun Amurka. In aka sare itatuwan, ƙasa ta bushe, to halittar ta mutu ke nan. Saboda ita har an taƙaita saran itace a wasu wuraren.

Sai Yaya Sani, ɗan baffana, ya leƙo wayata. "Wannan ai tsaka ce. Miƙo takalmi, akwai lada."

Na ce, "Yaya, kai da ka buga waya gida ka bai wa masu gawayi kurmin kakanmu, me za ka yi da takalmi? Ai ka riga ka yi kisan."

Ya ce, "Khalas, bar zancen, itace ne fa kawai."

To idon ruwan da ke cikin kurmin ya fara ƙafewa. Inna da ciwon gwiwarta, yanzu sai ta gangara rafi ɗiban ruwa.

Yaya Sani, na san kana karantawa. Fito nan gaban 'yan garinmu ka amsa: da wa ka yi shawara?