Igiyar da Na Tsallaka a Gonar Kent

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci muka bar Plumstead, bayan mun idar da sallar asuba, wadda a bazarar ƙasar nan take zuwa tun barci bai fara daɗi ba. Mu biyu ne a motar, ni da maƙwabcina, mutumin Kumasi, direban tasi da annobar korona ta zaunar wata uku cur. Ni ma ofishinmu da ke kusa da Charing Cross a kulle yake. Kent muka nufa, wata gonar strawberry da ta yi shela tana neman mazauna ƙasa su zo tsinka.

Masu bibiyata za ku tuna abin da na rubuta a nan kwanakin baya. Mahaifina ya rasu a ƙauyenmu kusa da Kura, filayen jirgi a rufe, a waya na kalli jana'izarsa. Ban gama karɓar gaisuwa ba sai na ji ana shigo da masu aikin gona daga Gabashin Turai, har an ɗauke musu zaman killacewa a gida, an ce su yi nasu a gona suna aiki. Raina ya ɓaci. Na rubuta cewa ashe strawberry ya fi uban mutum daraja, kuma aikin da ake ɗauko mutane a jirgi saboda shi, mu 'ya'yan manoma da hannu ɗaya za mu yi shi. Kun yi ta tafa mini. To, wannan cika bakin ne ya kai ni Kent.

Hanyar A2 fayau take, ba kowa sai manyan motocin kaya da wata yanyawa da ta tsaya tsakiyar titi tana kallonmu kamar mu ne baƙi. Mun tsaya a gidan mai muka sayi shayi, fam uku kofi ɗaya, ruwan zafi ne kawai aka nuna wa ganye daga nesa. Maƙwabcina ya kurɓa ya ce, "Massa, wannan tea a Kumasi ko kyauta ba a sha." Daga nan gidaje suka ƙare, gonaki suka soma, sai dogayen rumfunan leda jere a kan tudu suna ƙyalli. A gefensu akwai caravan, wato ɗakunan kwana masu taya, wajen talatin, da igiyoyin shanya cike da wanduna da safa.

Wadda ta tarbe mu mai duba aiki ce, wata 'yar Romaniya da ba ta ɓata numfashi a banza. Mu goma sha biyu ne sababbi, har da ɗalibai da wani mai gyaran gashi. Ta nuna mana jar igiya da aka ja a tsakiyar gonar, ta ce waɗanda ke can ɓangaren ba su cika kwana goma sha huɗu da sauka ba, don haka ba mai tsallakawa, doka ce ta gwamnati. Ta nuna mana allo mai lambobin ma'aikata. Kowane tire na ɗauke da lambar wanda ya tsinka, in aiki ya ɓaci ko ya yi kaɗan sai a sa jan ɗigo a gaban lambar. Ɗigo uku, sallama ke nan. Tsinka kuwa ta ce sai bayan hutu za a koya mana, da safe ganye za mu rage.

Gani ya kori ji. Cikin rumfar nan zafi yake kamar ɗakin kwano da azahar, kuma aikin a durƙushe ake yinsa. Kafin ƙarfe tara mai gyaran gashi ya ce zai ɗauko abu a mota, har yau bai dawo ba. Ni ɗan manoma kuwa bayana ya riƙe, sai a lokacin na lissafa cewa rabona da fartanya tun ina aji uku na sakandare. Can bayan igiya mutanen da na zaga suna tafiya a layukansu, hannu biyu na aiki, ba surutu, ba miƙewa.

Da aka busa hutu na zube kusa da igiyar na buɗe kular dambun da uwargida ta zubo mini, na yi bismilla da ƙarfi kamar yadda na saba. Sai na ji an yi mini sallama da wani irin harshe mai nauyi. Wani dattijo ne a layin da ke daf da igiya, farin gashin baki, hular saƙa, zai girmi mahaifina ko su yi sa'a. Ya dafa ƙirji ya ce Bulgariya, na dafa nawa na ce Najeriya. Iyakar hirar ke nan, sai murmushi. Kowa ya tafi inuwa, shi kaɗai ya ci gaba da tsinka. Na dubi lambar da ke tirensa, arba'in da bakwai, na waiga allo, na ga jan ɗigo biyu a gabanta.

A gidanmu ba a zaune ana cin abinci babba na durƙushe yana aiki. In ka iske dattijo a gona, ko ba ka san shi ba, ka ce sannu da aiki ka karɓi fartanya ka taya shi layi ɗaya. Da wannan aka raine ni, kuma ba zan ɓoye ba, har da son in nuna wa kaina cewa na iya. Na leƙa hagu da dama, na ɗaga igiyar na shige.

"Baba, kawo in taya ka," na ce da Hausa.

Ya ɗaga hannu yana girgiza kai, yana nuna igiyar. Ni kuwa na ɗauka irin kawaicin dattawanmu ne, waɗanda sai sun ce a'a sau uku kafin su sakar maka. Na durƙusa na hau tsinka yadda muke tsinkar tumatir a Kadawa, a kama ɗan a murɗa a fizge. Cikin minti goma sha biyar na cika masa tire biyu, na jera su a kan nasa, na koma wurina ina jin kaina kamar wanda ya yi aikin hajji.

Bayan hutu aka koya mana tsinka. Ashe ba a taɓa jikin strawberry. Farce ake sawa a tsinke karan, a bar masa 'yar hularsa ta ganye, a ajiye shi a hankali, domin duk inda yatsa ya danna zai yi baƙi kafin awa guda. Mai duba aiki tana bayani ina tuna tire biyun da na cika. Garin neman gira na tsone wa bawan Allah ido.

Ba a jima ba aka kira arba'in da bakwai. Teburin duba kaya a bakin igiya yake, taku biyar tsakanina da su. Mai duba aiki ta ɗaga robar strawberry, duk sun yi taushi suna zubar da ruwa. Ta ce da Turanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wannan ba hannunsa ba ne, shekara shida yana zuwa gonar nan bai taɓa yin haka ba. Wa ya tsinka? Ta sake tambaya.

Dattijon ya dube ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan ya dafa ƙirjinsa, wai shi ne.

Jama'a, ina tsaye a wurin. Ni da na iya rubuta dogon zagi na kasa furta kalma biyu. Abin da ya zo mini a rai takarduna ne, don neman izinin zamana na dindindin yana hannun hukuma, kuma na ji tsoron a rubuta cewa na karya dokar killacewa. Na sunkuyar da kai ina wasa da ganye har ta ɗauki jan alƙalami ta je allo. Dattijon ya cire safar hannunsa ya ninke, ya nufi wajen caravan a hankali, yana dafe da ƙugu. Tunda nake ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

Da la'asar muka kamo hanyar London. Sai da muka wuce Dartford sannan maƙwabcina ya rage rediyo.

"Massa, na gan ka lokacin da ka yi crossing. Na ce zaka yi magana. Matan nan ya tambaya sau biyu fa."

"Na ji ta."

"To. Allah ma ya ji."

Ya mayar da rediyo yadda yake har muka shigo Plumstead.

Washegari da safe na kira ofishin gonar na faɗi komai, ihu bayan hari. Matar da ta ɗauka ta saurare ni har ƙarshe, ta ce tunda na cuɗanya da sabon zuwa, in killace kaina kwana goma sha huɗu, kuma kada in dawo. Daga ɗakin nake rubuta muku wannan, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Na tambaye ta ko za a goge ɗigon, ko dattijon yana nan. Ta ce ba sa tattauna ma'aikata a waya, amma za ta isar da saƙo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mutanen da na ce an fifita a kanmu ba gata aka yi musu ba, bayansu ake buƙata, shi ya sa aka buɗe musu ƙofa aka kuma ja musu igiya. Rubutuna na baya yana nan ban goge ba, ku koma ku karanta, ku haɗa da wannan.

Mahaifina da yana raye duk rani yana ɗaukar 'yan ci-rani daga Damagaram da Maraɗi aikin tumatir. Kwano ɗaya yake ci da su, ya san sunan kowa da na garinsa, har na 'ya'yan da suka baro. Da na roƙi matar ofishin ta ce wa dattijon ya yafe mini, sai ta ce to, wa za ta ce wa, mene ne sunansa?

Ban ma tambayi sunansa ba. Can na ce mata arba'in da bakwai.