Ranar da Muka Ƙi Ɗaga Ƙafa

Duk sanda na ji gangar fareti daga firamaren da ke bayan shagona, sai na ajiye almakashi, wani tsohon haushi ya taso min. Ni da boko a aji shida muka yi hannun riga, amma kafin na fita sai da na ci wani yaƙi. Gyara zama ka ji.

Ƙauyenmu can gefen Karaye yake. Allah ya ba ni murya, kakata kuma ta goge ta. Ita ke jan lugude a gidanmu idan an yi girbin dawa, tsakar gida duk ƙamshin sabuwar tsaba, taɓare uku a turmi ɗaya ba sa karo. Ta ce min mai ja ba ƙarfi take nunawa ba, kunne take sa wa sauran. Lasifika take kira na, ni kuma na ce mata tsohon rediyo.

Da ruwa ya ɗauke aka fara shirin fareti, wai baƙi za su zo daga ƙaramar hukuma. Ni nake jan layin mata, kullum cikin rana, har muryata ta dushe ta dawo. Ana gobe fareti malamin wasanni ya ce ba a taɓa ganin mace ta tsaya gaban manya tana wage baki ba. Ya karɓe sandar kwamanda daga hannuna ya miƙa wa ɗan ƙaninsa, wani mai majina da bai san hagunsa da damansa ba. Ni aka ce na riƙa kai wa baƙi ruwa.

Na koma gida ina kuka. Tsohuwa ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Ke Lasifika, sandar suke bi ko ke?"

Da yamma na tare 'yan layina a bakin rijiya muka ƙulla abin da muka ƙulla.

Washegari maza suka wuce lafiya. Aka zo kan mata, yaron nan ya buɗe baki ya ce lef rai. Shiru, kamar an shuka su. Ya sake, har muryarsa ta fashe. Malam sai gumi, hula ta koma ƙeya. Wata hajiya cikin baƙin ta tambayi ko lafiya, 'yar ƙaramarmu ta ce ai su ba sa gane yarensa.

Ina tsaye da bokiti a ka. Ko sauke shi ban yi ba, na ce, "Lef."

Ƙasa ta amsa. Suka zagaye filin nan ƙafa ɗaya, ina biye da su ruwa na zubo min a wuya.

Na sha bulala, kada ka ce na ɓoye maka. Amma shekarar da ta biyo mace aka ba sandar, kuma ba a sake karɓewa ba. Yaran yanzu haka kawai suke samu, har da farin safar hannu, ba su san bayan wa ya biya ba.

Malam yana nan, ya tsufa, kunne ya yi nauyi. Ran kasuwa ɗansa kan ajiye shi a bencin kusa da shagona. Nakan durƙusa har ƙasa na gaishe shi da ƙarfin da sai masu nama sun waiwayo. Mutane na yaba ladabina. Duk layin nan muryata kaɗai yake ji, kuma ban da niyyar rage masa ita.