Furar Darasi da Sufeton Makarantu

Har gobe ban manta da wata Talata da sufeton makarantu ya shigo ajina ba, lokacin ina matakin albashi na takwas, ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare kusa da Kambaza. Ku da kuka fara aiki bana, ku saurara.

A lokacin sabon ango ne ni. Amaryata na Kalgo, ni ina ƙasar Gwandu, sai ranar Juma'a nake hawa babur in je in gan ta. Na nemi a mayar da ni Kalgo. Ƙa'ida kuwa ita ce sai sufeto ya zauna a ajinka ya ga koyarwarka, abin da ya faɗa a ofis shi ake bi. Don haka na ɗaura ɗamarar burge shi.

Darasin shi ne yadda ake ba da labarin abin da ya riga ya faru da Turanci, da yadda ake juya jimla a fara da abin da aka yi wa aikin kafin wanda ya yi. Dabarata ita ce a yi abu a gaban yara. In na buga tebur da sanda sau ɗaya, su rera cewa wane ya yi kaza. In na ƙara bugawa, su juya ta, kaza aka yi, wane ya yi. Mako guda muna haka har suka zama kamar rediyo. Ranar da sufeto zai zo na sayi fura da nono cike da ƙwarya na ajiye kan tebur, don monita ya sha a gabansu su bayar da labari.

Kuskurena ɗaya, ban gaya wa shugaban makaranta ba. Dattijo ne da ba ya yarda baƙo ya zauna da busasshen maƙogwaro. Yana shigowa da sufeto, wani Alhaji mai tumbi da ƙeya a murɗe, ya hango ƙwarya. Sai ya washe baki ya ce, “Madalla da Malam, har hura ya aje ma baƙo. Alhaji, bisimilla.”

Wa zai ce wa sufeto ajiye, kayan aiki ne? Ina tsaye ina kallo ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Yara suka fara ƙus-ƙus. Don in tsawatar musu, sai na buga tebur.

Ai kuwa aji ya ɗauka baki ɗaya, da Turanci tsantsa, cewa sufeto ya shanye furar. Na sake bugawa da ƙarfi don su yi shiru, suka juya jimlar tsaf: an shanye furar, sufeto ne ya shanye. Ya sa hannun riga ya goge gemu, ni kuma ban ankara ba sanda ta sake taɓa tebur, suka sanar da duniya an goge gemu da wanda ya goge. Sufeto ya kashe ƙuda, aka bayar da labarin ƙudan ta fuska biyu. Daga nan bawan Allah ya ƙame a kujera, ko ƙifta ido yana tsoro, gyatsa ta taso masa yana danne ta. Sai da shugaba ya fizge sandar daga hannuna aka samu lafiya.

Na fito na tabbata aikin ma ya tafi, balle Kalgo. Sufeto ya kira ni gindin bishiya, ya dube ni ya ce, “Malam, shekara ashirin ina wanga aiki, ban ga ɗiyan ƙauye da sunka iya wanga darasi haka ba. Malami irinka ba a ɗauke shi daga nan. Kalgo suna da malamai.”

Na yi godiya, hawaye na neman zubo mini. A ƙarshe amarya ce ta ɗaure kayanta ta biyo ni Kambaza, tana mita har muka haifi na biyu.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu yaro zai yi daidai abin da ka horar da shi, ko da a kanka zai ƙare, manya kuma in ka burge su da yawa, nan za su dasa ka. In kuna neman canjin wuri, ku koyar daidai wa daida, kada ku zaƙe.