Ranar Da Mota Ta Yi Shiru

Iyarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ce masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Da ya dawo gida sai ya zama "wancan", daga baya kuma "mai shinkafa", tun da ya fara fataucin shinkafa da riɗi daga kasuwar Hadejia zuwa kudu. Idan ya shigo gaisuwa zai durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana da magana, ni take kallo. "Auta, ki faɗa wa wancan ya rage yawo a rana." Ga shi nan a gabanta da furfura a gemu, ni kuma in juya in maimaita masa kamar tafinta a kotu. Na yi shekaru ina wannan aiki, ko sabulu ba a taɓa ba ni ba.

Shekarar da riɗi ya yi daraja, Yaya ya ce zai sayi mota babba, irin mai ɗaukar iyali gaba ɗaya. Ya ce don yara ne. Kowa ya san don Iya ne. Tana da yaya guda da ta rage mata a duniya, Goggo, a wani ƙauye cikin fadama idan an sauka daga titin Kafin Hausa, kuma ba ta iya yin wata ba ta je ba. Motar tasha take shiga, a matse ta tsakanin kwandon kifi da buhun albasa, ta dawo tana riƙe da ƙugu.

Motoci biyu ne suka tsaya masa a rai. Ɗaya tana wajen wani dillali a Kano, irin wadda ake sayarwa a nan ƙasar da takardunta a hannu. Doguwa ce, mai ƙwari, kowane makaniki a Hadejia ya san cikinta, amma idan aka tayar da ita sai ka rantse injin markaɗe aka kunna. Ɗayar kuma sai an yi odarta daga waje ta hannun wani abokinsa da ke shigo da motoci ta Kwatano, wanda shi ma irinta yake hawa. Ƙofarta da kanta take buɗewa. Kujerunta na fata ne, ga labule, ga ɗan firji, kuma idan aka rage gudu sai ta kashe injin ta ci gaba da tafiya da batir.

Gida ya rabu biyu. Makanikin Yaya ya ce ranar da ta waje ta kunna wata fitila a gabanta, sai dai a ɗaure ta a gindin darbejiya a jira kayan gyara daga bayan teku. Matar Yaya ta ce makaniki tuwonsa yake karewa. Ni kuwa ban ɓoye ba, ta wajen nake so. Har na gama hango kaina ina saukowa a ƙofar gidan biki, ƙofa na zugewa da kanta, ƙawayena na haɗiyar yawu.

Yaya ya bar mu muka gama surutunmu, sannan ya ce da ni, "Ni dai wadda Iya ta ce." Ya faɗa a hankali, yana kallon ƙasa. A nan na gane abin da yake nema. Ya gina mata ɗaki, ya kai ta Makka, amma bai taɓa jin ta ce ga abin da take so daga hannunsa ba. Tausayinsa ya kama ni.

Na je na same ta tana tsince wake. "Ina ruwana da motar mutane?" in ji ta. "Mai abu ya sayi abin da ransa ke so." Na bi ta nan, na bi ta can, na nuna mata hotuna a waya. Ta ce duk ƙafa huɗu gare su.

Sai aka yanke a gwada. Dillalin Kano ya kawo tasa, muka tafi wajen Goggo. Iya ta zauna a bayan direba, inda idonta ba zai haɗu da na Yaya ba, ta ciro carbi, ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Haka take yi a kowace mota tun ina yarinya, ban kuma taɓa jin abin da take cewa ba saboda ƙarar injin. Da muka dawo na tambaye ta, ta ce, "Ta kai mu, ta dawo da mu." Yaya ya yi ta juya wannan magana ko zai sami yabo a ciki, bai samu ba.

Da mako ya zagayo abokinsa ya ara mana ta wajen. Iya na isowa ƙofa ta zuge. Ta ja da baya tana a'uziyya. "Waye a ciki?" Muka ce babu kowa. Da ƙyar ta shiga. Yaya na tayar da mota sai wata murya ta mace ta yi magana da wani yare daga gaban sitiyari. Iya ta gyara mayafi ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, ya mutan gidan?" Matar Yaya ta cusa fuska a cinya, ni kuwa na yi dariya har da hawaye.

Gaskiya motar ta yi. Ko ramin hanya ba a ji, sanyi na ratsa mutum, Iya ma na ga ta ɗan saki jiki.

Lokacin ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadama. Akwai wata doguwar hanyar burji da aka ɗaga kafin a shiga ƙauyen su Goggo, ruwa dama da hagu, ciyawar kacala ta yi tsayi ta fi mutum, masunta na kwance a kan gorunansu suna duba koma. Wurin nan Iya ta fi tsoro. Yaya ya rage gudu sosai, motar kuwa ta yi halinta, ta kashe injin. Shiru ya sauka, har kukan tsuntsaye muke ji ta cikin gilashi.

Iya ba ta sani ba. Idonta a rufe, kunnenta kuma dama ya fara nauyi. Ta ci gaba da addu'arta da muryar da ta saba.

Ta roƙa wa mahaifinmu rahama. Daga nan sai ta ambaci sunan Yaya. Sunansa na yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa masa. "Allah ka tsare min shi a hanyar kudu," in ji ta. "Ka raba shi da mugun abokin ciniki. Ka ba shi lafiyar ƙafar nan da yake ɓoye min. Shi ne bai sha ɗumin jikina ba, ka ɗumama shi da rahamarka." Ta sake kiran sunan, ta jero masa wasu. Can a ƙarshe ta ce, "Da sauran ƙannensa." Shi ke nan rabonmu. Ni auta guda, tafinta, ashe a cikin "sauran" nake.

Na kalli Yaya ta madubi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Ya tsayar da mota a hankali ya ce bari ya duba taya. Ya fita ya tsuguna a gefen da ba ma ganinsa, ya daɗe.

Iya ta buɗe ido. "Motar ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Iya. Haka take, in an rage gudu sai ta yi shiru."

"Tun yaushe?"

Fuskata ce ta ba ta amsa. Ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, ba ta buɗe ba har ƙofar gidan Goggo. Da na tsegunta wa Goggo, dariya ta yi har tana dukan tabarma. "Yau an kama ɓarauniya," in ji ta. Iya ta ce mu duka ba mu da tarbiyya.

A hanyar dawowa Yaya bai ce uffan ba, amma da muka sauka ya raɗa min cewa wannan motar zai saya ko da gonarsa zai sayar. Na kwana da murna.

Washegari da hantsi ya shigo gaisuwa, ya durƙusa a inda ya saba. Iya ta juya wajen bango. "Auta, ki faɗa wa wancan, motar jiya ba ta da rufin asiri. Ta Kanon nake so."

Ban ma maimaita ba. Ya ce, "To, Iya," ya tashi.

Na bi shi har zaure. "Yaya, kai fa ka ce ko gona za ka sayar! Ka sayi mai shirun mana, kullum ka riƙa ji."

Ya yi murmushi. "Auta ke nan. In na sayi mai shirun, ba za ta ƙara faɗa ba. Gara ta yi ta faɗa ban ji ba. Kuma ai kin ji, ta ce tana so."

Ta Kanon ce a ƙofar gida har yau. Idan na sauka a gidan biki da hannuna nake jan ƙofa, wani lokaci har da kafaɗa. Bara salansarta ta fashe, ƙara ta ƙaru, makaniki ya ce a kawo ya ɗinke. Yaya ya ce a bar ta tukuna, ba sauri. Duk ranar da muka hau hanyar burjin nan, ina ganinsa yana ɗan karkata madubi. Iya na bayansa, ido a rufe, leɓɓa na motsi, shi kuma ya ƙara taka mai don kada ta ji kunya.