Na Ɓoye Sunansa, Saniyarsa Ta Tona Shi

Lokacin da abin nan ya faru ni matashin lauya ne ɗan Karaye, ina digiri na biyu a fannin dokokin kare haƙƙin ɗan Adam. Ina ji da kaina sosai, gani nake babu zaluncin da alƙalamina ba zai gyara ba. Bincikena a kan burtali ne, wato hanyar shanu, da yadda ake nome shi.

A wata ruga ta yankin garin Fulatan na sami wani dattijo makiyayi. Sai da na yi sawu uku kafin ya saki jiki da ni. Ya faɗa mini waɗanda suka cinye burtalin da wanda ya ɗaure musu gindi, amma ya haɗa ni da Allah kada sunansa ya fito, don zamansa a wurin yana hannun mutanen da ya ambata. Na rantse masa, na kuma cika alkawari irin namu na 'yan boko: na cire suna na sa lamba. Sai dai don in burge malamina, na ƙawata babin labarinsa da jar saniya mai karyayyen ƙaho da ke ɗaure a ƙofar bukkarsa. Ban tuna cewa a karkara da saniya ake gane mutum ba. Don alfahari kuma na ba kawuna, mai hidima a gidan sarautar yankin, ya karanta. Ya daɗe a kan shafin nan, sannan ya ce lallai na iya rubutu.

Bayan girbi na koma rugar da goro, da hantsi. Turaka na nan a kafe da igiyoyinsu, ƙorai a kife, toka a murhu, amma ko kaza babu. Duk wanda na tambaya sai ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya, sannan ya ce bai taɓa sanin an zauna a wurin ba. Har mai shagon da ya nuna mini hanya da farko haka ya ce, idonsa a ƙasa.

Na koma kan muryar dattijon da na naɗa a waya. A ƙarshenta akwai maganar da dattijon ya yi wa matarsa da Fulatanci, wadda ban taɓa damuwa da ita ba. Abokiyar karatuna ta fassara mini. Ashe cewa ya yi yaron nan ya rantse a kan suna, amma tun zuwansa idonsa na kan saniyar.

Na gama digirin da yabo, kuma wallahi kunyarsa nake ji. Ku masu zuwa ƙauye da takarda da waya, ku sani ku za ku koma birni, wanda ya ba ku amana shi zai kwana a wurin. Har yau ban san ko dattijon yana raye ba. Duk kasuwar shanun da na shiga jar saniyar nan nake nema, ina kuma tsoron in gan ta a hannun wani.