Kunun Kanwa da Karatun Rabi

Bana shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar aminiyata Rabi'atu, wadda mutanen Roni suka sani da Rabi. Ni na tsufa har jikokina na kwaikwayon tafiyata, ita kuwa a idona tana nan yadda na san ta, tsaye gaban allo da alli a hannu, tana yi wa 'yan mata faɗa don sun zubar da ruwan da suka dafa zogale. Ina kewarta, ba zan ɓoye muku ba. Har yau in na ji wani abu a rediyo sai in waiwaya zan ce, "Rabi, kin ji?" kafin in tuna.

Aikin koyarwa ne ya haɗa mu a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, lokacin ƙasar nan duk tana ƙarƙashin Kano. Ni 'yar Gwiwa ce, lissafi nake koyarwa. Ita kula da gida take koyarwa, da digirinta na kimiyyar abinci, abin da a zamanin sai ka yi tafiya kafin ka ga mace mai shi. Shekarun kuɗin mai ne. Albashi ya hau, kowane ma'aikaci ya sayi babur da rediyo, madarar gwangwani da lemon kwalba suka cika kantuna, har wasu suka fara jin kunyar a gan su da gero. Wannan abu yana ƙona wa Rabi rai matuƙa.

Burinta ɗaya ne: ta samu gurbin karatun gaba da digiri a wata jami'a can kudu. In mutum ya gama, ya yi horo a asibiti, sai a yi masa rajista a matsayin masanin abincin marasa lafiya, wanda likita zai tura wa mai ciwon sukari ko hawan jini don ya tsara masa abin da zai ci. Mu dai abin dariya muka mai da shi. Na ce mata, "Yanzu tuwon ma sai an shiga jami'a sau biyu?" Ni ce na laƙaba mata "likitar abinci" don tsiya, sunan ya bi ta har Roni. Sai ta harare ni ta ce, "Yi dariyarki, Hauwa. Ranar da kika kumbura ni za ki nema."

Ba son takarda ne ya kai ta ba. Tun tana yarinya take ganin masu jego suna kumbura, numfashi na yi musu wuya, a ce sanyi ne ya shige su, sai a ƙara wuta a ƙarƙashin gado, a ƙara kanwa a kunu. A karatu ta gano cewa kanwa dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, ta ɗora kaya a kan zuciyar da haihuwa ta riga ta gajiyar. Wannan ta rubuta wa jami'ar a matsayin dalilinta na neman karatun. Tana da tsohon ciki ta aika, mijinta Malam Sani, malamin gona, shi ya kai mata gidan waya da babur ɗinsa.

Da yake haihuwar fari ce, gida ta koma Roni wanka. Ta sauka lafiya, aka sa wa jaririya Hadiza. Bayan suna da 'yan kwanaki kira ya iso: ta je a yi mata intabiyu ido da ido, cikin mako biyu. In ba ta je ba gurbin ya wuce, tare da tallafin karatun da gwamnati ta ware a shekarar.

A nan Inna, mahaifiyarta, ta shigo maganar. Rabi ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ko magana sai ta hannun wani. Wata gwaggonta ce ke yi wa Rabi wanka, amma kunun kanwa Inna ke damawa da hannunta, ba ta yarda kowa ya taɓa. Rabi kuwa tun ranar haihuwa kwanon yake komawa yadda ya zo. Inna kuma ba ta fasa damawa ba. Sai da na manyanta na gane kunun nan shi kaɗai ne abin da al'ada ta bar mata ta miƙa wa 'yarta a gaban mutane.

Ni aka tura neman izini. Na tarar da Inna tana tankaɗe, na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ki gaya wa ƙawarki mai jego ba ta tafiya kafin arba'in. In ya zama dole, ba zan miƙa ta ga sanyin jirgi da ɗanyen jiki ba. Ta sha kunun nan safe da yamma har ranar tafiya, in sa albarka."

Da na kai saƙon, na ce, "Haba Rabi, ke da bakinki kika ce guba ce ga mai jego!" Ta ce, "Kwana nawa ne duka, Hauwa? Ina da ƙarfina. In na samo karatun nan zan dawo in hana shi da hujja, har Inna ta ji. Kuma ni ba na taka ƙafa ba da albarkarta ba." Ta ɗauki kwano ta shanye. Inna da ta ga kwano ya dawo wayam, don murna sai ta ƙara kanwa.

Tare muka hau jirgin ƙasa a Kano, ina riƙe da Hadiza. Kafin mu isa takalminta ya ƙi shiga, da silifana ta shiga gaban malaman. Ta fito tana dariya tana haki, ta ce a kan kunun kanwa suka tambaye ta, ta yi ta zuba har sai da suka ce ya isa. A dawowa ba ta iya kwanciya, a zaune ta yi tafiyar. Daga tasha asibiti muka wuce. Likita ya ce zuciya ce ta gaza, ya tambayi me take sha tun da ta haihu. Ba ta kai arba'in ɗin ba. Amsar jami'a ta zo ana zaman makoki: sun ɗauke ta.

Ban ce kunu ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare, Allah Ya jiƙanta. Amma na daɗe ina jin haushi, kuma haushin Rabi ya fi yawa, don ita ta sani.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me za ta ce da yau. Karatun da ta keta ƙasa da ɗanyen jego don ta nema, yanzu 'yan matan Babura da Gwiwa daga wayar hannu suke nemansa, suna kwance a ɗaki. Na san za ta yi murna. Na kuma san da ta leƙa tukwanenmu ta ga dunƙulen ɗanɗano da taliyar leda da lemon roba, ta ji kusan kowane gida da mai ciwon sukari, wallahi sai ta ɗauko allinta ta fara faɗa daga farko. Ni kaina hawan jini ya kama ni. Bara wata yarinya a asibiti, sa'ar jikata, ta zaunar da ni ta tsara mini abinci, ta hana ni gishiri. Ina kallon bakinta hawaye suka zubo, ta ɗauka gishirin nake wa kuka. Na kumbura, Rabi, kamar yadda kika faɗa, na neme ki ban same ki ba.

Me ya rage nata? Babu takardar shaidar karatun nan, ba a rubuta sunanta a kowace rajista ba. Akwai Hadiza, wadda yanzu kaka ce. Akwai kuma abin da Inna ta yi da sauran rayuwarta. Ba ta sake dama kunun kanwa ba. Duk gidan da aka haihu a Roni sai ta je barka, ta ce a kawo kunun mai jego ta ɗanɗana. In ta ji kanwa, sai ta ture kwanon ta ce a damo wani. Ba ta bayani, mutane kuma na jin nauyinta.

Ranar da Hadiza ta yi haihuwar fari ina wurin. Wata tsohuwa daga dangin miji ta kawo kunu, Inna ta ɗanɗana ta ture. Tsohuwar ta ce, "Ikon Allah! Abin da muka gada kaka da kakanni? Wa ya hana?" Inna, wadda tun da na san ta ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ta ɗago kai ta ce, "Rabi ce ta hana. 'Yata ce, likitar abinci ce."