Abin da likita ya faɗa wa Yaya a bayan ƙofa

Salamu alaikum jama'a. Tun cirar albasar bara ban sake rubuta komi a nan ba. Masu tambaya ko na bar Rimawa, ina nan. Ciwo na yi, kuma gara ku ji shi daga bakina.

A fadama abin ya fara. Ina tsaye bakin injin ban ruwa sai zuciyata ta ɗauki bugu har cikin kunne. Ƙirji ya ɗaure, hannuwa sunka yi sanyi, zufa na tsiyaya. Na zube ƙasa ina kalmar shahada, don wallahi na ɗauka tafiyar ke nan.

Can abin ya sake ni. Ba a jima ba ya dawo, a kasuwa, har cikin sahun sallar Juma'a.

Yaya Sani, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya ɗauke ni zuwa asibiti a Goronyo, daga nan anka tura mu Sakkwato. Anka ɗebi jini, anka ɗauki hoton ƙirji, anka manna mani wayoyi don auna zuciya. Likita ya duba takardun ya ce, "Malam, zuciyarka lafiya lau take." Sannan ya ce wa Yaya ya ɗan tsaya, ni in jira a benci.

Na zauna a bencin, amma hankalina na bayan ƙofar.

Don na san wannan tsayawar. Lokacin jinyar Baba haka anka tsai da Yaya, ya fito ya gaya mana babu sauran magani, munka shiga muna ce wa Baba sauƙi na nan tafe. Haka ake yi a wurinmu, ba a faɗa wa maras lafiya, kada a karya mai zuciya. Har Baba ya cika bai san mi ke cin shi ba.

Da Yaya ya fito na ce, "Mi yac ce maka?"

"Ba komi. Ka ci abinci, ka huta."

Bai ko dube ni ba.

Daga ranar nan na zama wani mutum. Yatsana kullum na kan jijiyar wuya ina jin bugu. In kaina ya sara, sai in ɗauko waya in bincika, kuma duk abin da na karanta sai in ji shi a jikina kafin la'asar. Mai kemis ɗin unguwarmu har ya gaji da auna mani hawan jini. Abinci ya ƙi wucewa. Fadama kuwa na daina zuwa.

Albasar da na adana don jiran tsada na sayar da ita a arha, na sake gwaji a wani asibitin. Babu komi. Na sayar da injin, na sake. Babu komi. Ni kuwa ban yarda ba, na ce ko na'urarsu ba ta gani, ko Yaya ya riga ni zuwa ya toshe bakinsu. Har na fara bin mutane ina neman yafiya, matata Hadiza na kallona tana kuka.

Abin da ya rage mani rabona na fadamar gado. Na yanke shawarar jinginar da shi in tafi asibiti a Kano, amma ba ya yiwuwa sai da yardar Yaya. Na iske shi a zaure da hantsi. Ya ce bai yarda ba, da mi yarana za su ci?

Na ce, "To Yaya, don girman Allah, in mutuwa ta, hwaɗa mani in shirya. Kada ka yi mani abin da munka yi ma Baba."

Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba sai ranar.

"Ba zuciya ba ta," in ji shi. "Likitan cewa yay yi damuwa ta, in kai ka wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ni ko na ce ƙanena bai haukace ba. In anka ji a gari, wa za ya nemi ɗiyanka?"

Jama'a, raina ya ɓaci ƙwarai. Watanni ina haƙa wa kaina kabari, ashe kunyar gari ake ji!

Munka koma Sakkwato. Likitar da na gani mace ce, ta ce Yaya ya jira waje, da ni za ta yi magana. Ta ce, "Ba ƙarya kake ba, abin da kake ji na gaske ne. Tsoro ke tayar da jikin, jikin kuma ya ƙara maka tsoro." Ta ba ni magani, ta koya mani jan numfashi a hankali in abin ya taso, ta hana ni taɓa wuya da binciken waya. Ta ce in koma fadama ko da zama ne kawai.

Ba dare ɗaya na warke ba. Har yanzu ciwon yakan leƙo, amma na san shi, in zauna ya wuce. Bana na yi dashe da injin aro, fadamata tana hannuna. Alhamdu lillahi.

Shawarata: ciwon ƙirji ba wasa ba ne, ku je a auna tukuna. In an ce lafiya lau amma jiki bai bar ku ba, ku tambaya da bakinku ko damuwa ce. Ku kuma masu jinya, ku faɗa wa mutum ciwonshi. Abin da zai ƙirƙiro wa kanshi ya fi gaskiyar muni.

Na gode wa Hadiza, na gode wa likitocin. Yaya kuwa na yafe mai. Zuwanmu na ƙarshe, wani dattijon garinmu ya tare mu a tashar Goronyo yana tambaya ina zuwa. Na buɗe baki zan ce kasuwa, Yaya ya riga ni, da ƙarfi har direba ya waiwayo:

"Wajen likitan ƙwaƙwalwa za ni kai ƙanena, Baffa. Ka sa mu a addu'a."